GPS ɗin Kaltuma

Gaya, 3 ga Maris

Zuwa ga Kaltuma,

Bayan gaisuwa, da fatan aikin matarnite, asibitin haihuwar nan na Yamai, bai cinye ki ba. Na zaɓi takarda saboda a waya kina gamawa da ni a minti biyu.

Tambaya ce ta ilimi, kar ki ɗauka wani abu. GPS ɗin da kika bari a motata, wanda kike bin ƙauyuka da shi wajen masu ciki, tun ranar da kika tafi yana jone da wuta. Wata goma sha ɗaya ke nan ban cire shi ba. Yakuba makanike ya ce ina kashe masa batiri. Shi Yakuba duk abin da bai gane ba cewa yake zai fashe. Me kika sani?

Wutar motar nan ba ta yankewa ko an zare makulli, don haka sau biyu batirin motar kansa ya kwanta, aka tura ni har ƙofar lakkol, makarantar da nake koyarwa. Malamin tarihi, a gaban ƴan ajinsa.

Ga rake na ba direba.

Mijinki har yanzu, a iya sanina,
Bawa

Yamai, 12 ga Maris

Baban Munira,

Ina gaisuwa. Rake ya iso, na gode.

Yakuba ya fi ka gaskiya. Na tambayi mai gyaran na'urorinmu. Ya ce idan batirin ya cika yana daina shan sharji da kansa, amma zama a cike kullum yana tsofar da shi, balle a gaban gilashi cikin ranar Gaya. Kumbura yake yi. Ka cire shi, ka sa a inuwa.

Ni ma ina da tambaya. Mutumin da ya san kowane rami daga Gaya zuwa Tanda, wanda ya ce ba zai nemi canjin wurin aiki ba don ba ya barin garinsu saboda mace, me yake yi da GPS?

Ka gaida Inna.
Kaltuma

Gaya, 20 ga Maris

Kaltuma,

Sallama da gaisuwa. Na duba GPS ɗin, bayansa ya ɗan tasa kamar burodi. Ban gaya wa Yakuba ba, kar ya yi girman kai.

Kin tambaya, to ga amsa. Ba hanya nake nema ba. Sunayen da kika sa wa wurare nake karantawa. "Mai tagwaye." "Gidan da suka ba ni zabo." "Inda Bawa ya ce ya san hanya." Ranar Lahadi nakan taɓa ɗaya in bi. Makon jiya na je har gidan mai tagwaye bayan Tanda. Tagwayen har sun fara tafiya yanzu. Uwarsu ta ce, "Malam, ina Madam?" Na ce tana hanya. Ta ce haka na gaya mata da kaka.

Tsorona shi ne in cire shi ya mutu, sunayen su tafi da shi. Takwas ne, na haddace, amma haddata ba rubutunki ba ne.

Maganar da na yi a kan barin gari kuwa, na karanta tarihin sarakuna da yawa da suka yi irinta. Babu wanda ya ƙare da kyau.

Naki,
Bawa

Yamai, 29 ga Maris

Baban Munira,

Gaisuwa mai yawa. Na karanta takardarka sau uku, na yi dariya sau ɗaya, sauran biyun ba sai na faɗa ba.

Sunaye ba a batiri suke zama ba. Ko ya mutu, suna nan.

Kuma ba takwas ba ne, Malam. Takwas ne a shafin farko. Akwai ƴar kibiya a ƙasa, kai da ka karanta littafi ɗari ba ka taɓa juya wannan shafin ba. Ranar da zan tafi, kana can kana fushi a ɗaki, na zauna a motar na sa wuri na ƙarshe. Na ɗauka cikin sati za ka gani. Da wata uku suka wuce sai na ce ka gani, ka ƙi.

Ka cire shi yau, kafin ya ƙone maka mota.

Kaltuma

Gaya, 2 ga Afrilu

Kaltuma,

Na cire. Minti huɗu ya yi ya mutu. Na ba shi dare biyu a inuwa, na jona, na taɓa kibiyar. Na ga abin da kika rubuta, ba zan maimaita shi a takardar da direba ke riƙewa ba.

GPS ɗin ya ce daga nan zuwa wurin da kika sa a Yamai kilomita kusan ɗari uku ne. Direktan lakkol ya ba ni hutun Asabar da Litinin, na kuma karɓi takardar neman canjin wuri. Ban cika ta ba. Zan zo da ita, rubutunki ya fi nawa kyau.

Sai na iso,
Bawa