Inna Ba Ta Faɗin Sunanka

Zuwa ga Yayana Garba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin wadda ta kamata ƙanwa ta yi wa yayanta, ina fatan wannan takarda za ta same ka da sauƙi fiye da yadda na baro ka. Mutanen gida duk lafiya. Baba yana fita kasuwa. Ruwa ya sauka sosai a Unguwar Shanu har lungunmu ya koma taɓo, katangar bayan gida kuma ta sake tsagewa a daidai inda ka taɓa liƙewa.

Yaya, zan fara da maganar da ban taɓa gaya wa kowa ba, don in na bar ta sai ƙarshe na san ba zan rubuta ta ba. Tun da ka dawo daga yaƙi nake jin tsoronka. Ba ka taɓa ɗaga mini hannu ba, ko tsawa ba ka taɓa yi mini ba. Amma in na ji takunka a zaure sai in rasa inda zan sa kaina. Ranar da abokinka Kofur Audu ya zo ya tafi da kai asibitin nan na ƙetaren kogi, na yi kuka kamar kowa. Da na shiga ɗaki kuwa sai na ji numfashina ya sauka, na kwanta na yi barcin da na daɗe ban yi irinsa ba. Da na farka na ji kunyar kaina, har yanzu kuma ina jin ta. Ba ƙinka nake yi ba. Gajiya ce.

Ina tuna ka kafin ka shiga soja. Kai ne kake goya ni a keke har Doka, ka saya mini rake, ka ce in riƙe rigarka da kyau don in na faɗi ba za ka tsaya ba. In ka tarar da ni da littafi a bayan randa sai ka ce, "Ke Mairo, wata rana littafin nan zai haɗiye ki, sai dai mu ga takalmanki." Wannan yayan nake ta jira ya shigo.

Wanda ya shigo kuwa ba ya zama sai bayansa na jingine da bango, idonsa a kan ƙofa. Ba ya cin nama. Ba ya taɓa sitiyari, shi da aka ce har manyan motocin soja ya ja. Ranar da taya ta fashe wurin mai facin bakin titi, ina shanya na juyo na gan ka kwance rubda ciki a tsakar gida, hannuwanka a ka. Ka tashi ka kakkaɓe rigarka ka ce, "Tuntuɓe na yi." Dukanmu muka ce sannu, muka yarda tuntuɓe ne. Shekarun nan duka haka muke ta yarda, Yaya, kuma yardar tana da nauyi.

Ka san littattafan soyayyar nan na Turawa da muke musaya a makaranta, waɗanda bangonsu ya gama yagewa. A cikinsu ma akwai irinka. Mutum ya dawo daga fagen fama, ba ya magana, kullum yana tsaye a bakin taga. Sai wata yarinya ta zo, ya yi kuka sau ɗaya a gabanta, shafi biyu a gaba ya warke, littafi ya ƙare. Wallahi na ɗauka haka ake yi. Shi ya sa na dinga aiko Talatu ta gidan maƙwabta ta kawo maka ruwa, alhali ga ni a zaune. Ita ma ta gane, har kwalli take sakawa. Kai kuwa sai ka ce "na gode" kanka a ƙasa. Yanzu in na tuna sai in rufe fuska. Har yau ina karanta littattafan, amma in na zo wurin da mutumin zai warke sai in ji haushi ya kama ni, in tsallake.

Babbar Sallar da ta wuce ba sai na tuna maka ba. Baba ya ce kai ne babba, ka riƙe masa ragon. Ka riƙe. Da jini ya zuba sai ka ƙi saki, aka yi ta kiranka kamar ba ka nan, sai da aka ɓamɓare yatsunka ɗaya bayan ɗaya. Daga nan ka daina cin abinci, ka daina fita. An sha yi maka rubutu kafin wannan, an yi hayaƙi, an kawo sassaƙe daga Katsina, ka sha duka ba musu. Da Kofur Audu ya ce shi ma a asibitin nan ya sami kansa, Baba bai so ba, amma ya gaji shi ma. Abin da kawai ya ce mini shi ne, "In an tambaye ki, ya yi tafiya." Yanzu duk unguwa sun san kana Kano wurin aiki. Na gaji da wannan Kanon.

Ranar da na raka Baba duba ka, na zaci zan ga sarƙa da ihu, yadda ake faɗa. Sai na ga benci a ƙarƙashin bishiya, maza manya a zaune, wasu da sanda, wani yana magana sauran suna sauraro, kai ma kana cikinsu. Ba ka jingina da komai ba. Na daɗe ina kallon bayanka a fili haka.

Sistar da ke kula da ku, dattijuwar nan mai furfura a gefen kai, ta shigar da mu ofishinta. Baba ya tambaye ta ina maganin da ake ba ka. Ta ce akwai ƙwaya kaɗan don barci, amma babban maganin shi ne wannan zaman da ya gani, da wanda kuke yi ku biyu, kai da ita. Ta ce ba hauka ba ne, mutum ne ya ga abin da ya fi ƙarfinsa, ya rasa wanda zai gaya wa. Ta ce sauƙin ba ya zuwa a miƙe, yau a ci gaba, gobe a koma baya, kada mu karaya. A motar dawowa Baba ya ce, "Hira kuma? Hira ai a ƙofar shagona ma ana yin ta." Amma a raina na ce a gidanmu dai ba a yin ta.

To ga abin da ya sa na ɗauki biro.

Kafin mu fito, Sista ta ce tana son mahaifiyarka ta zo ranar Alhamis ku zauna tare a gabanta. Baba ya yi gyaran murya ya ce, "Ɗan farinta ne." Ta ce ta sani, ita ma a ƙasar nan ta girma. Sannan ta ce akwai magana ɗaya da ka yarda ta gaya mana. Wai tun da ka dawo Inna ba ta kalli fuskarka ba. Wai ka san ta gane abin da ka gani da abin da hannunka ya yi a can, shi ya sa take ƙyamarka. Wai in an sallame ka ba za ka dawo Unguwar Shanu ba, za ka bi motocin kaya ka yi Kudu, inda ba wanda ya san ka.

Yaya, kai fa ka san al'adar nan tun kafin a haife ni. Yaushe Inna ta taɓa kallon fuskarka? Yaushe ta taɓa kiran sunanka? Tun ina ƙarama "mai sunan Malam" take ce maka, ko "mutumin can". Kafin yaƙi dariya kake yi, har ka dinga tsokanarta kana tsayawa a gabanta da gangan, tana kauda kai tana cewa, "Ku ce wa wancan ya ba ni hanya." Ita ba ta canza ba. Ciwon ne ya ɗauki kunyarta ya juya maka ita ta koma ƙyama. Ni ba likita ba ce, amma ni ce nake tsakar gidan nan tare da ita kullum, kuma na ga abin da ba ka gani ba.

Lokacin da kana can, in Baba ya kunna rediyo za a karanta labaru, duk abin da ke hannunta ajiyewa take yi. Ba ta taɓa cewa ina labarinka ba. Sai dai ta ce, "Ba a ji komai daga can ba?" In an ce ba a ji ba ta ce to, ta koma ta ɗauki tsintsiya ta share inda ta riga ta share.

Ranar da ka dawo, mata suna ta guɗa a tsakar gida, kai ka ga ba ta fito ba. Tana madafi. Ni na shiga na same ta tana haɗa dambu cikin gaggawa, har ta kife madambacin a kan ƙafarta. Tabon yana nan a idon sawunta na hagu. Ta hana ni faɗa. Ta ɗaure wurin da tsumma ta sake ɗora wani, ta ce, "Kai wa mutumin can, ya sha hanya."

Ka taɓa lura cewa an daina daka a gidanmu? Tun ranar da ta ga ka zabura da ƙarar taɓarya, washegari ta sa aka mirgina turmi zuwa gidan su Talatu. Can muke zuwa mu yi daka, ni da ita, mu ɗauko gari a ka mu dawo, ko ana ruwa. Da matar gidan ta tambaye ta dalili sai ta ce wai ƙasar tsakar gidanmu ce ba ta da ƙarfi. Na yi ta ƙunƙuni a kan wannan tafiyar, Allah ya yafe mini. Ita ko sau ɗaya ba ta yi ba.

Miyar da ake kawo maka kuma daban take dafa ta, a ƙaramar tukunya, da wake da alayyafo, ko romon nama ba ta bari ya taɓa ta. Ba wanda ya gaya mata ka daina cin nama. Kwanonka take dubawa in an dawo da shi. Macen da ba ta kallonka ta fi kowa a gidan nan sanin abin da ka ci da abin da ka bari.

Baba bai gaya mata saƙon Sista ba, ya ce ba maganar da za a kai wa mace ba ce. Ni na gaya mata. Ban san inda na samo ƙarfin ba, ni da ko a aji in malama ta kira sunana sai in sunkuyar da kai. Muna tsince shinkafa na faɗa mata duka, har da maganar Kudu. Ba ta ɗago ba. Can ta ce, "Ni? In zauna a gabansa in ce masa me?" Ta tashi ta kwaso kayanka daga akwati, waɗanda suke a wanke a goge, ta sake wanke su tas. Ta yini ba ta yi mini magana ba. Na ce shi ke nan, na ɓata.

Jiya da hantsi ina shirin makaranta sai ta ce, ba tare da ta kalle ni ba, "Wurin nan, sai an haye gada?" Na ce e. Ta ce, "Akwai inda mutum zai zauna a waje?" Na ce akwai bishiyoyi a bakin ƙofa. Sai ta ce, "Ki gaya wa babanku ranar Alhamis zan raka ki. Amma ba zan shiga ba."

Inna fa, Yaya. Wadda tun da aka kawo ta Kaduna ba ta taɓa haye kogin nan ba.

Na san ba abin da Sista ta nema ke nan ba. Na san kuma ba zai warkar da kai ba, na daina tsammanin abu ɗaya zai yi wannan. Wataƙila ba za ta taɓa iya zama a gabanka ta ce maka komai ba har ta koma ga Allah. Iyakar abin da take da shi ke nan, kuma ta ɗauko shi duka. Ni zan shiga in zauna a kujerar da aka ce ta zauna. Ban san me ake cewa a irin wannan zaman ba, kuma ina jin har yanzu da sauran tsoron nan a cikina. In ka ga na yi shiru kada ka ce wani abu ne, haka nake. In kana son faɗin abin da ka gani a can, zan saurara iyakar yadda zan iya. In ba ka so, mu zauna kawai.

Abu ɗaya nake roƙo. Kada ka yanke maganar Kudu sai ka leƙa bakin ƙofa.

Allah ya ba ka lafiya mai ɗorewa. Allah ya sauke maka abin da ka ɗauko, ya sanyaya maka zuciya, ya saka wa masu kula da kai da alheri. Allah ya jiƙan waɗanda ba su dawo ba, na kowane ɓangare. Allah ya ba mu haƙuri da juna, ya maido ka gidanku. Amin.

Da na fara rubutun nan niyyata in gama in cusa shi a murhu, don ban taɓa yi maka magana mai tsawon haka ba. Na fasa. Ba zan ba Baba ba, ba zan ba Sista ba. Ranar Alhamis da hannuna zan miƙa maka. In ka gama karantawa ka fito. Za ka gan ta a gindin bishiya da mayafinta mai ruwan ƙasa, kuma na tabbata za ta juya maka baya. Ka gaishe ta a hakan. Tana jinka.

Taka ƙanwa,
Mairo