Ki kai wa Ragnhild makullin motarmu

Gunvor,

Na tafi aiki. Ban tashe ki ba, don na san abin da za ki ce.

Jiya da yamma na dawo batirin motarmu mai lantarki ya kusa mutuwa, na tarar da motar Ragnhild ta hawa na uku a jikin cajar tsakar gida. Kin san cajar guda ɗaya ce ga duk gidan nan. Dokar ita ce a kira mai mota kafin a taɓa, ga lambar wayarta ma a gilashin motar. Ban kira ba. Na ce a raina matar nan kullum ita ce a wurin, na zare tata na jona tamu.

Da safen nan na sami Ragnhild tsaye cikin dusar ƙanƙara. Sanyi ya shanye ɗan cajin da motarta ta samu. Ashe yau ake sallamar mijinta daga asibiti, kuma tafiyar da nisa. Ta ce, "Terje, kai ne ka zare?" Na ce ni ne. Ta ce, "Da ka kira ai da mun raba." Ko murya ba ta ɗaga ba. Gara a ce zagina ta yi.

Tamu cike take. Na miƙa mata makulli, ta ƙi karɓa daga hannuna. Yana kan tebur. Ki hau ki kai mata tun kafin ki sha kofi, ke ba za ta ƙi ki ba. Ki yi haƙuri ki hau bas yau.

Kada ki ce mata kuskure ne. Da gangan na yi, kuma ta sani.

Terje