Ƙanena Ya Rasu, Manhajarsa Tana Kirana Yaya

Anti, ki gafarce ni da ɗora miki wannan nauyi. Na rasa wanda zan faɗa wa bai ce na zautu ba.

Aikina gwada manhaja kafin a miƙa wa masu ita. Ƙanena, Allah ya jiƙansa, shi ya koya mini aikin, shi kuma ya rubuta sashen da ke ɗora manhajar a kwamfuta mataki-mataki. Duk inda ta ci tura, sai ta rubuta abin da ya faru a wani fayil. Da yake mai barkwanci ne, kuma ya san ni ce mai karantawa, yadda yake magana haka yake rubuta saƙonnin.

Bayan rasuwarsa na je ɗora ta a wani ƙaramin asibiti. Allon kwamfutar ya nuna an kammala. Na buɗe fayil ɗin bisa sabo, sai ga layi guda: “Yaya, a nan na tsaya.” Na sake a wata kwamfutar tasu, haka. A ofishinmu, inda kujerarsa ke nan kusa da tawa, layin ba ya fitowa. Na bincika abin da ya rubuta kaf, ban ga jimlar ba.

Na yi karatu daidai gwargwado, na san mamaci ba ya dawowa. Na yi masa sadaka, na yi sauka, layin yana nan. Ogana ya ce in goge shi in miƙa aiki, tunda allo ya ce an gama. Maganin marasa lafiya za a riƙa rubutawa a ciki, Anti. Hannuna ya ƙi. Don Allah ki amsa mini da wuri.

Yayar marigayi

Amsa:

’Yar’uwa, Allah ya gafarta masa. Ba daga kabari ya aiko ba. Da ransa ya rubuta, don ranar da wani mataki zai gaza. A kwamfutar asibitin ya gaza, a ta ofishinku bai gaza ba. Jimlar na iya zama a wani fayil da manhajar ke jawowa, a nemo.

Oga na da uzurinsa, asibiti na jira. Amma abin tsoron shi ne allon da ya ce an kammala alhali ba a kammala ba. Manhajar tana haɗiye kuskure ta yi shiru. Goge layin rufe tukunya ne a kan ƙauri.

Ki nuna wa oga a rubuce. A gyara ta yadda za ta tsaya in ta gaza, ta faɗa wa mai ɗorawa gaskiya, ta rubuta lokaci da mataki da dalili, ta kwashe rabin aikin da ta yi. Kafin nan kada sunan majinyaci ko ɗaya ya shiga ciki. Kalmominsa kuwa ki kwafe ki adana, naki ne.

Allah ya sanyaya miki zuciya, ya sa aikin ya zame masa sadaka mai gudana.