Ƙwallon da Ya Faɗi Tsakaninmu a Salaga

Yendi, 9 ga Oktoba, 1961

Zuwa ga Safura, ungozomar Bawku, sanyin idona, inuwar kaɗanya da tsakar rana, rijiyar da ba ta san rani ba; mai karɓar jarirai da safe da hannu mai taushi, mai dukan ƙwallon tanis da yamma da wannan hannun ba tausayi.

Bayan gaisuwa mai yawa, labari ya riga jarida isowa. Jibirilu direba ya ce ke da Asiatu kun sake ɗauko kofin mata 'yan bibbiyu a Tamale, karo na uku ke nan, kuma waɗanda kuka kara da su sun fita fili suna hararar raket ɗinsu kamar shi ya ci amanarsu. Don murna, yaran ajina sun kwana ba aikin gida.

Na karanta littattafai fiye da yadda idona ya so, amma ban ga inda aka bayyana abin da kike yi a bakin raga ba. Asiatu tana baya tana korar ƙwallo kamar mai tsaron gero, ke kina gaba kin lafe kamar shirwa ta hango ɗan tsako. Ba kwa magana. Ki miƙa yatsa ɗaya a bayanki, ta san inda za ki. Wace irin shaƙuwa ce wannan? In ke kaɗai ce a fili, kar ki ji haushi, an sha cinye ki. Amma in aka ba ki abokiyar tafiya, sai ki zama ruwan Agusta, mai laima da marar laima duk su jiƙe.

Kin tuna Salaga bara, a filin bayan gidan saukar baƙi? Asiatu ta yi targaɗe, kika rasa na biyu, aka jawo ni daga cikin 'yan kallo da shekaruna arba'in da shida da tumbina. Ƙwallon farko ya taho daidai tsakaninmu. Ni kuwa ɗan gidan malamai ne, an hore ni kada in riga kowa sa hannu a akushi. Sai na ja da baya na ce miki, "Bismillah." Ke kuma kin ɗauka zan buga. Ya wuce abinsa lafiya lau. Da na maimaita har sau huɗu, kika riƙe ƙugu kika ce, "Malam, nan ba gaban tuwo ba ne. In naka ne, ka ce naka ne."

Ran nan ne, a gindin mangwaro, kika tambaye ni ko auren malami zai sa ki rataye raket. Me na ce? "Sai yadda kika gani." Na ɗauka ladabi na yi. Ashe bismillah ta biyar ce. Shekara guda ina jiran ki yi magana, ke kina jiran in yi, kamar baƙi biyu a bakin ƙofa. Yanzu ga shi an ba ki canjin aiki zuwa Kumasi, inda filaye suke da siminti, kuma ana son amsarki ƙarshen watan nan. Tun da na ji, doyar Yendi ta daina daɗi a bakina, kin kuwa san ba ƙaramin abu ke raba ni da ita ba.

To ga amsata, farin watana: ki yi wasa. Ki yi kina amarya, ki yi da furfura. Yaya Ayishetu ta ce matar malami ba ta tsalle a gaban jama'a. Na ce mata siket ɗinki ya fi gajeren wandon 'yan sanda tsawo, su kuma ba wanda ya kai su ƙara. Ba zan sake riƙe raket ba, na tausaya wa duniya. Zan riƙe miki gorar ruwa, in zauna a benci, in yi tafi ko a inda bai kamata ba.

Ranar Juma'a Baba Inusah, ƙanen mahaifina, zai hau motar Jibirilu da huhun goro zuwa wajen Kawu Aruna. Ki faɗa wa kawun naki abin da ke ranki kafin su iso, don Baba Inusah tsoho ne, hanyar Bawku kuwa ba ta girmama ƙashin kowa. Ban ce ki ƙi Kumasi ba. In Bawku za ki zauna, na riga na rubuta takardar neman canji. In Kumasi kika zaɓa, can ma akwai yaran da ba su iya lissafi ba. Abu ɗaya ne ba zan iya ba: in tsaya a tasha ina ɗaga miki hannu.

Naki yau, naki gobe, naki har ranar da za a miƙar da ni gabas,

Abdul-Mumuni