Sun Ce Ciyawa Take Ci, To Ina Maruƙana?

Malama Verna, ki taimake ni, na gaji da kai kuka inda ba a saurarona.

Shekara goma sha ɗaya ke nan wata ƙatuwar dabbar daji da ake kira beyar tana cinye mini maruƙa, duk wanda na kai wa ƙara sai ya miƙo mini takarda. Ban yi karatu mai nisa ba, amma na san gawar maraƙi in na gan ta. Ma'aikatan namun daji sun zo, wata mai hular da ta fi kanta girma ta ce wai yawancin abincin beyar ciyawa ne da saiwoyi da 'ya'yan itace, har da tururuwa. Tururuwa fa! To maruƙana ciyawa ne?

Abin da ya ɗaure mini kai, maƙwabcina Orval Tveit, shinge kawai ya raba mu, shekara huɗu ko kunnen maraƙi bai rasa ba. Ban ce yana koro ta wajena ba, ban kuma ce ba ya yi ba. Mutumin da ko mushensa ba ya iya zubarwa, sai mota ta zo ta ɗauka kamar gawar wani babba! Ni yadda mahaifina ya yi nake yi: wanda sanyi ya kashe lokacin haihuwa, in ja shi da tarakta zuwa kwarin bayan garke. Ban taɓa roƙon kowa ba.

Yanzu takardun gonar suna hannun 'yata Marlys, ta rantse in aka sake yi mini ɓarna bana, sayar da shanun za ta yi ta kai ni cikin gari in zauna ina leƙen taga. Shekarata saba'in da takwas. Harbi kuma doka ta hana. Wani ya daure ya ba ni amsa: me na yi wa dabbar nan?

Tsohon makiyayi, Montana

Baba, abinci ka ba ta.

Ma'aikaciyar ba ta yi ƙarya ba, kai ma ba ka yi ba. Beyar tana cin duk abin da ya zo da sauƙi. Tana fitowa daga kogon da take barci duk tsawon hunturu da yunwar watanni daidai lokacin da shanunka ke haihuwa, hancinta kuma yana jiyo mushe daga nesa. Ta zo kwarinka ta ƙoshi, ta ɗaga kai, ga maruƙa masu rai. A zamanin mahaifinka irin dabbobin nan ba su yi yawa a kusa da ku ba, shi ya sa dabararsa ta yi masa aiki. Da ma'aikatan sun zauna sun yi maka wannan bayani maimakon takarda, da ba a kai shekara goma sha ɗaya ba. Nan kana da gaskiya.

Ka kwashe mushen da ke kwarin kafin ƙanƙara ta narke. Ka kewaye wurin haihuwa da waya mai lantarki. Ka nuna wa Marlys aikin da idonta, ka nemi ta ba ka damar bana. Mai wuyar shi ne ka ƙetare shingen nan ka tambayi Orval lambar wayar mai motar kwasar mushe. Zai yi maka dariya, ka bar shi ya yi.

Allah ya sa ka yaye maruƙan duka a garkenka.

Verna