Allurar Mai Ta Ƙi Tashi

Unguwar Jauro, Roni

Zuwa ga Yaya Lauwali,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali da abokan aikinka na gareji. Mu ma lafiya lau, in ban da taraktar marigayi Baba da ta sa ni a gaba.

Na kira ka har na gaji. Ka san garin nan, sai an hau dutse ake samun sabis, in na samu kuma sai in ji ka cikin ƙarar inji kana "eh? eh?" Shi ya sa na ba Musaddiƙ direba wannan takarda, tunda kullum yana hanyar Babura da buhuna.

In an tayar da ita da safe, allurar agogon mai tana hawa tsakiya kamar abin arziki. Da inji ya ɗau zafi sai ta fara sulalewa, kafin a gama zagaye gona ta kwanta a kan ja. Na zare sandar awo na duba, mai cike yake, har ya ɗan haura layi.

Ruwa ya sauka, maƙwabta sun fara shuka, gandunmu ko haro ba a yi ba. Baffa Daudu kuwa, tunda shi ke tuƙa ta tun Baba yana raye, ya ce agogon ne ya tsufa yake ƙarya. Hularsa ma yake ratayawa a kai don kada ya dame shi. Ni dai na cire batir na ce masa caji ya ƙare. Ka gaya mini abin yi kafin ƙaryar ta ƙare.

Ka gaida Nafisat da yara.

Ƙaninka, Sama'ilu

*

Babura

Sama'ilu,

Wa alaikumus salam. Na ga takardarka, ina gaida Baffa da kowa da kowa.

Kada a sake tayar da ita da garma a baya. Inji in ya rasa ƙarfin mai bugawa yake yi, irin wannan kuwa in ya buga ya tafi ke nan, don ko a Kano kayansa sun yi wuya. Ba ni da halin zuwa, manyan motoci uku ke kwance a gabana, masu su suna zaune a kan benci suna kallon bakina.

Ga wani agogo na aiko. Ka kwance na jikinta ka ɗaura wannan, mu ga ko Baffa ne da gaskiya. In shi ma ya faɗi, ka canza filta, ka sauke kaskon mai na ƙarƙashin inji ka wanke rariyar da famfo ke zuƙa ta ciki. Ka shimfiɗa buhu ka jera notina a kai, na san halinka.

Abu ɗaya bai kwanta mini ba. Inji mai shekarun wannan shan mai yake yi, ba ya haihuwarsa. Ka diga man a yatsa ka murza, ka shinshina, ka faɗa mini.

Yayanka, Lauwali

*

Unguwar Jauro

Yaya,

Sallama da gaisuwa. Allah Ya ƙara buɗi.

Agogonka da namu bakinsu ɗaya. Na nuna wa Baffa, ya duba ya ce ai shi ma wannan ba yaro ba ne.

Na hau babur na je Kazaure na sayo filta. Na sauke kaskon, na wuni a rigingine a ƙarƙashinta mai yana ɗiga mini a kunne. Rariya tas take, ko tsinke babu. Noti ɗaya ne ya ɓace, kuma na same shi, kada ka fara.

Maganar shinshinawa kuwa, man nan ruwa-ruwa ne kamar kunun da aka yi wa baƙi da yawa, warin man gas yake yi. Na tsiyaye shi kaf na zuba sabo. Yaya, ka ga allura kuwa. Ta miƙe ta tsaya, na yi haro a gonar bakin rafi har la'asar ko gezau ba ta yi ba. Na dawo gida ina jin kaina, har na ce wa matata ta fara kirana injiniya.

Ba a rufa mako ba ta koma gidan jiya. Mai ya sake tsinkewa, warin gas ya dawo, sandar awo kuma tana nuna cike. Na zauna a kan taya na rasa wanda zan zaga. Rabin gandu yana nan ciyawa ta fara rufe shi. Na sake cire batir, Baffa kullum sai ya tambaye ni ko yau ma batir ne.

Raina a ɓace yake, ban ɓoye maka ba.

Sama'ilu

*

Babura

Sama'ilu,

Wa alaikumus salam. Ka yi haƙuri, ka yi ƙoƙari.

Gas na shiga cikin mai, shi ke tsinka shi har famfo ya kasa matsa shi. Hanyoyinsa sanannu ne. Ka kwance ƙaramin famfon gas na gefen inji ka duba robar cikinsa ko ta tsage. In lafiya take, to babban famfo ne ko nozul masu fesa gas, sai an kai Kano, daminar bana kuma sai dai a nemi shanun huɗa.

Na kwana biyu ina juya abin. Ni na ɗaura robar nan da hannuna bara, sabuwa fil. In ita ce ta ci amanata zan ji kunya.

Ka daina zama a kan taya, ka tashi ka kwance.

Lauwali

*

Unguwar Jauro

Yaya,

Bayan gaisuwa. Robarka ba ta ci amanarka ba, ka kwantar da hankali. Na gano hanyar gas ɗin, kuma da ƙafa biyu take zuwa.

Na rubuta maka labarin tarakta na manta ban gaya maka ciwon kirci ya kama garken Baffa ba, bayan shanun duk ya yi ɓawo. Jiya da hantsi na dawo daga ɗaukar sifana wajen maƙeri, sai na hango shanu za su fita kiwo, bayansu baƙi wuluk yana ƙyalli. Na bi ta bayan rumbu, na tarar da Baffa ya durƙusa a gindin tarakta. Ya mayar da batir da kansa, ya ɗuma inji, ya sassauta notin ƙasa yana tarar mai a ƙwarya. Da ya gama ya ɗaure, ya ɗebo gas a jarka ya zuba ta sama, ya zare sandar awo ya goge ya duba, ya ƙara kaɗan har ya kai layi. Da natsuwarsa yake yi, ba alamar mai ɓoye wani abu.

Na gaishe shi, na ce, "Baffa, sannu da aiki."

Ya ce, "Yauwa Sama'ilu. Kada ka damu, na cika mata abinta. Ni ba na ɗiba in bar gurbi."

Na ce, "Da gas, Baffa?"

Ya ce, "To da me? Ai da shi ubanku yake wanke mata ciki. Duk abincinta ne."

Mutumin da ya yi mini huɗuba a kunne, ya tsaya mini a aure, yaya zan dube shi in ce shi ke kashe taraktar ɗan'uwansa? Na ce masa Allah Ya ba shanu lafiya, na wuce. Ni da na yi ta hawa dutse ina neman ka, na sha mai a kunne, ashe maganar tana cin tuwo tare da ni.

Kai ne babba. Ka zo ka faɗa masa.

Sama'ilu

*

Babura

Sama'ilu,

Na karanta, na ajiye, na sake karantawa. Yaran gareji sun ɗauka rasuwa aka yi.

Ni ma ba zan iya ba, gara in faɗa maka gaskiya. Ga dabara. Na aiko da jarkar tsohon baƙin mai daga nan, ka kai masa ka ce ni na ce a shafa wa shanu, kada ka ƙara ko kalma. Ga kuma maganin kirci na gaske daga wajen likitan dabbobi, ka lallaɓa ka haɗa masa. Sabon mai yana cikin galan mai jan murfi. Ka juye gurɓataccen ka zuba wannan kafin kowa ya taɓa makulli.

A bi shi a hankali, a rufa wa juna asiri.

Lauwali

*

Unguwar Jauro

Yaya,

Sallama. Dabararka ta zo, ba ta yi aiki ba.

Na kai masa jarkar. Ya yi godiya ya sa maka albarka, ya tsoma yatsa ya ce wannan mataccen mai ne, mai magani shi ne wanda ya fito da ɗuminsa daga cikin inji. Na fito. Na canza mai kamar yadda ka ce, washegari kafin in dawo daga jana'iza a Gwiwa ya sake ɗiba ya cika.

Kwana uku da suka wuce aka yi ruwa mai ƙarfi. Da gari ya waye Baffa ya ce ya gaji da wasan yara, ya ɗaura garma ya nufi gandu. Na bi shi a guje. Mutane sun fito gonakinsu, masu shuka da masu kallo. Ya yi layi na farko, ya juyo na biyu, na ɗare gefe na ɗaga hular, allura tana kwance. Sai na ji wani sauti daga ƙasa, ƙwas-ƙwas, siriri, wanda ban taɓa ji ba.

Na ce, "Baffa, a tsaya." Ya ce in sauka. Na ce, "Don Allah Baffa, a tsaya." Bai ko dube ni ba. Sai na miƙa hannu ta gabansa na ja wayar kashe inji.

Wuri ya yi tsit. Ya ce, "Ni ka kashe wa mota?" Yaya, ban san lokacin da maganar ta fito ba. Na ce, "Baffa, gas ɗin da kake zubawa ne yake kashe ta. Kai ne." A gaban surukinsa, a gaban yaran da ya haifa.

Baffa ya ɗauki hularsa ya sauko, ya bi kunyar gona ya tafi gida a ƙasa.

A nan gonar na juye man na zuba ragowar sabon. Na tayar ina addu'a. Sautin ya ɓace, allura ta hau ta tsaya, jiya na gama huɗar gandu. Injin ya tsira. Ni kuwa na je gaishe shi sau biyu, yana amsawa kamar yadda ake amsa wa baƙo.

Sama'ilu

*

Unguwar Jauro

Zuwa ga ɗana Lauwali,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da sa albarka, na sa an rubuta mini wannan.

Maganin da ka aiko na sa wa shanu, sun fara samun sauƙi. Allah Ya saka da alheri.

Gandu ya sha huɗa, an yi shuka. Yaron nan gaskiya ya faɗa, kada ka yi masa faɗa. Abin da ya tsaya mini shi ne ku biyu kun sani, kuka bar ni ina yi har sai da na ji a gaban jama'a. Da a zaure aka faɗa mini, da na ji.

Na ba shi makulli. Ni na sauka ke nan.

Wassalam.

Baffanku, Daudu