Ƙofar Motar da Ta Raba Ni da Ɗan'uwana

Zuwa ga ɗana Kamaruddeen a Fatakwal,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka lafiya, kai da Tahira da yara. Mu nan lafiya lau, sai gwiwar innarka da ta ƙi sauƙi. Wake ya yi albarka bana, gero kuwa sai godiya. Ƙanwarka Kaltume ce ke riƙe da biro, na kuma ce ta sa yadda na faɗa, kada ta gyara mini magana.

Maganar motar da ka aiko ce. Ni akori-kura na roƙa, ka kawo mini mai ƙofar baya, wato but, da ke buɗe kanta tana kuka. Na karɓa, don ba a raina kyauta. To ga abin da ta jawo. Ka san makullin ba ya barin aljihuna, kuma bayan azahar a inuwarta nake shimfiɗa tabarma in kishingiɗa. Ran nan Zaharaddini, ɗan baffanka Muhammadu Sani, wanda ke tuƙa ni, ya loda waken da za mu kai kasuwar Dawanau. Na farka na tarar da but a wangale, awaki sun huda buhu suna ta biki. Ya rantse ya rufe. Da abin ya sake faruwa, a ƙofar masallaci na ce masa maƙaryaci ne kuma sakarai, gaban ubansa, gaban liman. Yaron ya juya ya tafi. Tun daga ranar, baffanka ko gaisuwata ba ya amsawa, ya ma canza sahu a masallaci.

Na sa aka kai ta wajen mai wayarin, mai gyaran wutar mota, a Bagwai. Ya duba batir, ya zare fis ya mayar, ya taɓa sandunan da ke ɗaga ƙofar, bai ga komai ba. Can ya ce in matso da makullin, ya zura ƙafa ƙarƙashin bamba ta bayan motar, sai ga ƙofa tana tashi kamar an kira ta. Wai akwai ido a wurin, in makulli na kusa, abin da ya gifta zai iya buɗe ta, ko akuya ce. Kamaru, wane mai hankali ke sa wa mota ido a gindi a garin da awaki suka fi mutane? Me ya hana ka faɗa mini? Mai wayarin ya ce zai kashe idon, na ce kada ya ƙara taɓa mini ita. Na ɗaure ƙofar da igiya yadda kowa ke yi. Ta yi ta gurnani tana ja, yanzu ba ta buɗewa, ba ta rufuwa, ta tsaya baki a sake.

Motar ba ta dame ni ba, ta ruɓe a nan. Amma ni da Muhammadu Sani nono ɗaya muka sha, mu biyu kuma muka rage. An ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Ni dai ba zan taka gidan ƙanena in durƙusa ba. Kai ka aiko da fitinar, kai za ka kashe ta. Ka kira shi a waya, ka gaya masa yaronsa ya rufe ƙofar, laifin motarka ne. Ka ce in ya shigo sahu ranar Juma'a, gefena akwai wuri. Kada ka ce ni na sa ka.

Ka gaida Tahira, da Mudassir, da Khairiyya. Innarka na sa muku albarka.

Ni ne mahaifinka,
Malam Sama'ilu